Ƙarin Sifirin Ba Ya Mai Da Akori-kura Babbar Mota

A kowace safiya ta Allah, hanyar da ta ratsa Apo ta nufi Wassa da Karshi cike ta ke da motocin akori-kura masu jigilar siminti da bulo da katako da tankunan ruwa zuwa sababbin unguwannin da a ke ta ginawa a kudancin Abuja. Da yawa daga cikinsu kamarsu ɗaya: baya ya durƙusa har ya kusa taɓa taya, gaba kuwa ya ɗaga sama, direba yana leƙen hanya ta saman sitiyari. Idan abin ya ishi mai mota, sai ya ratse zuwa Ƙauyen Makanikai na Apo, ya tsaya a gaban rumfar masu sifirin ya ce, "Maigida, a ƙara mini falle biyu." Kafin la'asar an ƙara, mota ta miƙe tsaye, ya biya ya tafi yana murna, a zatonsa motarsa ta sami ƙarfin ɗaukar abin da ta kasa ɗauka jiya.

Wannan zato ne filin nan zai duba a makon nan, domin kuwa ya jawo asarar dukiya, wani lokaci har da rayuka. Ƙarfafa sifirin baya abu ne mai amfani ga motar da ta ke aikin dako, idan an yi shi bisa ƙa'ida. Amma iyakar abin da ya ke yi shi ne ya daidaita tsayuwar mota a ƙarƙashin kayan da aka ƙera ta don ta ɗauka. Nauyin da za ta iya ɗauka lafiya kuwa, tun daga masana'anta aka yanke shi, bisa ga ƙarfin birki da taya da gatari da shasi, kuma babu fallen ƙarfen da zai canja wannan lissafi.

Akori-kura ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun bayan da kamfanin Peugeot ya soma harhaɗa motoci a Kaduna a shekarar 1975, ƙirar 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya su ka zama jakunan kasuwannin ƙauye, kuma a kansu ne makanikan Arewa da yawa su ka koyi ƙarin sifirin. Daga baya Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, ta mamaye fagen, tare da Mitsubishi L200 da Isuzu D-Max da Ford Ranger da Nissan Navara. Da aka mai da hedkwatar ƙasa Abuja a watan Disamba na 1991, aikin gine-gine ya buɗe wa waɗannan motoci kasuwar da har yanzu ba ta rufe ba, Apo kuwa ta zama asibitinsu.

Yadda bayan mota ya ke aiki

Kafin a zaɓi magani, ya kamata a san jikin da za a yi wa. Mafi yawan akori-kura suna zaune ne a baya a kan sifirin mai falle-falle, watau ƙarafa masu lanƙwasa da aka jera bisa juna. Na sama, wanda ya fi kowanne tsawo, shi ne uwar sifirin, kuma bakunansa biyu ne su ke riƙe da shasi. Ƙusa ɗaya ce a tsakiya ta haɗe fallayen, sa'an nan wasu ƙusoshi masu siffar ƙugiya, waɗanda makanikai ke kira yubol, su ka ɗaure su ga gatari, watau aksil. A ƙasan jerin a kan sami wani falle mai kauri wanda ba ya shiga aiki sai kaya sun danne na samansa. Saboda haka sifirin ayyuka biyu gare shi: yana ɗauke da nauyi, yana kuma riƙe da gatari a mazauninsa lokacin da aka taka birki ko aka ba da wuta. Wannan ne dalilin da ya sa karyewar uwar sifirin a kan gudu ta ke karkatar da mota nan take.

Shi kuwa shakazoba, ba ya ɗaukar nauyi ko kaɗan, ko da ya ke mutane da yawa suna zaton haka. Aikinsa shi ne ya kwantar da tsallen sifirin bayan an faɗa rami, don taya ta ci gaba da riƙe ƙasa. Wanda bayan motarsa ya zauna ya je ya sayi sabon shakazoba, ya sha maganin ciwon da ba shi ne ya ke damunsa ba. Har ila yau, akwai motoci kaɗan da ba su da falle sam, kamar Ram 1500 daga ƙirar 2009 da wasu Navara masu ƙofa huɗu na baya-bayan nan, waɗanda ke zaune a kan sifirin mai murɗi. Irin waɗannan ba a yi masu ƙarin falle, sai dai a canja murɗin da mai kauri ko a sa masa jakar iska.

Lissafin da ya kamata a fara yi

A jikin kowace mota, galibi a ginshiƙin ƙofar direba ko a ɗakin inji, akwai ɗan allo ko takarda da masu ƙira su ka manna. A nan ne, ko kuma a littafin motar, a ke samun iyakar nauyin mota da kayanta gaba ɗaya, da iyakar abin da gatarin gaba da na baya kowannensu zai ɗauka. Idan aka ɗebe nauyin mota tana wofi daga babban adadin, abin da ya rage shi ne rabon kaya. Ga Hilux da takwarorinta, wannan rabo bai wuce kimanin tan ɗaya ba, watau kilo 1,000, kuma a cikinsa ne za a ƙirga direba da yaran mota da fasinja da akwatin kayan aiki da duk wani ƙarfen da aka yi wa mota walda a baya.

To, buhun siminti kilo 50 ne, saboda haka buhu 20 sun cika tan ɗaya tun kafin direba ya shiga. Idan mutum huɗu za su zauna a ciki, kowannensu kilo 70, to rabon siminti ya koma buhu 14. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankin lita 1,000 shi kaɗai ya cinye rabon duka. Buhu 10 na masara mai kilo 100 daga Kwali ko Abaji, su ma hakanan. Mai karatu da ya saba ganin yadda a ke lodi a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei zai iya auna wa kansa yawan motocin da ke fita da ninkin abin da aka ƙera su dominsa.

Motocin da a ke shigowa da su na hannu daga Amurka su ne su ka fi ruɗin mai saye. Toyota Tacoma ta yi kama da Hilux a ido, amma kama da wane ba ta wane: an ƙera ta ne da sifirin mai laushi don jin daɗin zama, kuma rabon kayanta bai kai na Hilux ba. Bugu da ƙari, gishirin da a ke zubawa a titunan can lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfen ƙasan mota. A shekarar 2014 kamfanin Toyota ya kira Tacoma kimanin 690,000 ƙirar 2005 zuwa 2011 don gyara a Amurka, saboda fallen sifirin baya yana iya karyewa ya zame har ya huda tankin mai. Wanda ya sayi irin wannan mota don dako, ya wajaba ya sa a ɗaga ta a duba tsatsar shasi da sifirin kafin ya yi maganar ƙari.

Abubuwan da a ke zaɓa a cikinsu

Mataki na farko shi ne a tabbata ko sifirin da ke jikin motar lafiyarsa ƙalau. A tsai da ita a wuri mai laushi ɗaya ba kaya, a auna daga tsakiyar taya zuwa bakin fanda a dama da hagu. Idan gefe ɗaya ya fi zama, ko fallayen sun miƙe sun daina lanƙwasa, ko robobin da ke bakin uwar sifirin sun cinye, to sifirin ya gaji ne. Maganinsa shi ne sabo irin na asali, a canja dama da hagu tare. Motoci da yawa da a ke kai wa ƙari a Apo, wannan kaɗai su ke bukata.

Idan sifirin lafiya ya ke, amma motar tana ɗaukar kaya kusan kullum, kamar ta mai gidan bulo ko mai sayar da ruwa, ƙarin falle ɗaya shi ne mafi araha. Sharaɗinsa shi ne fallen ya zama faɗinsa da lanƙwasarsa sun dace da na motar, a sa sabuwar ƙusar tsakiya mai tsawon da ya isa, a sa sababbin yubol, sa'an nan a koma a sake ɗaure su bayan 'yan kwanaki ana aiki, domin su kan saki. Aibinsa shi ne mota ta kan yi tauri idan ba kaya, bayanta ya riƙa tsalle a kan gargada, kuma a rana mai ruwa tayoyin baya su kan yi saurin sulɓewa. Wanda ya ke da hali, ya fi masa ya sayi cikakken jerin sifirin mai ƙarfi wanda aka ƙera musamman don ƙirar motarsa, domin an auna fallayensa su yi aiki tare, ba kamar baƙon falle a cikin tsofaffi ba.

Wanda kuwa motarsa ta ke yawo wofi mafi yawan mako, sai ranar kasuwa ko lokacin kaka ta ɗauki kaya, taurin dindindin ba zai yi masa daɗi ba. Irinsa sifirin taimako ya fi dacewa da shi, watau ƙarin falle ko dunƙulen roba mai ƙarfi da a ke kafawa yadda ba zai taɓa komai ba sai mota ta zauna. Ba kaya, mota tana nan da laushinta. Da kaya, taimako ya shigo. Dunƙulen robar yana da wata fa'ida, ita ce ba ya bukatar kulawa.

Sai kuma jakar iska, wadda a ke sawa tsakanin gatari da shasi, a hura ta idan za a yi lodi, a rage idan an sauke. Ita ce ta fi kowanne sauƙin daidaitawa, amma tana da sharuɗɗa. Dole a bar 'yar iska a cikinta ko da babu kaya, in ba haka ba ta murƙushe ta yage. Duwatsu da ƙaya na hanyoyin gona suna iya huda ta ko bututunta. Babban abin tsoro shi ne, sifirin yana raba nauyi ne a wurare biyu masu nisa a jikin shasi, ita kuwa jaka tana tara shi a wuri ɗaya a bisa gatari. A ƙasar Ostareliya, inda a ke yawan amfani da irin waɗannan motoci wajen jan tirela a daji, an sha ganin shasin masu ƙofa huɗu ya lanƙwashe a bayan ɗakin fasinja, galibi inda kaya su ka yi yawa a bayan gatari, aka kuma cika jaka da iska don a ɓoye zaman motar.

Kowanne aka zaɓa a cikin waɗannan, sai an haɗa shi da shakazoba mai ƙarfin da ya dace da shi, mai tsawon da ya yi daidai da sabuwar tsayuwar motar. Sifirin mai tauri a kan mataccen shakazoba ya fi tsohon hali haɗari.

Masu jan tirela

Jan tirela bai yawaita a ƙasar nan kamar a Turai da Amurka ba, amma ana yinsa: 'yan kwangila suna jan injin kwaɓa kankare da janareto da tankin ruwa, manoma suna jan ƙananan injuna, masu gareji suna jan motocin da su ka mutu a hanya. Sababbin Hilux masu babban injin dizal an yarda masu su ja har kilo 3,500, amma fa idan tirelar tana da birkin kanta. Wadda ba ta da birki, iyakarta kilo 750, kuma mafi yawan tirelolin da masu walda ke haɗawa a gida ba su da shi.

Abin da ya shafi sifirin a nan shi ne nauyin da bakin tirela ya ke ɗora wa ƙugiyar mota, wanda a ke so ya kasance kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin tirelar. Da ya ke ƙugiyar tana bayan gatari ne, aikin magirbi ta ke yi. Alal misali, a motar da tazarar tayoyin gaba da na baya ta kai mita 3, ƙugiya kuma tana mita 1.2 a bayan gatari, kilo 300 a kan ƙugiya zai zama kilo 420 a kan gatarin baya, ya kuma ɗage kilo 120 daga tayoyin gaba. Tayoyin gaba kuwa su ne masu sitiyari, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki. Sifirin mai ƙarfi zai ɗaga bayan motar, amma wannan kilo 120 ba zai koma gaba ba. Abin da ke mai da shi shi ne gyara zaman kaya a cikin tirela, ko wata ƙugiya ta musamman mai sanduna biyu da ke raba nauyi, ita ma sai idan littafin motar ya yarda da ita.

Abin da sifirin ba ya canjawa

Zaman bayan mota gargaɗi ne, kamar yadda zazzaɓi ya ke gargaɗi ga jiki. Wanda ya ƙara falle huɗu don ya ɗora buhu 40 ya kawar da gargaɗin ne kurum, ciwon yana nan. Birkin da aka ƙera ya tsai da tan 3 shi ne zai yi fama da tan 4, kuma a doguwar gangara irin ta Kugbo a kan hanyar Nyanya, ko saukowa daga Mpape, ya kan yi zafi har ya daina kamawa. A tsofaffin Hilux da ire-irensu akwai wani ɗan bawul a baya, mai sanda da ke haɗe da gatari, wanda ke ƙara wa tayoyin baya ƙarfin birki gwargwadon yadda mota ta zauna. Idan aka ɗaga bayan ba a sake saita shi ba, bawul ɗin zai ɗauka babu kaya, ya rage birkin baya a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Ya kamata mai mota ya tambayi makanikensa wannan magana da bakinsa, tun mota tana kan jak.

Taya ma tana da iyakarta, kuma a rubuce ta ke a gefenta. Lamba 104 tana nufin kilo 900, lamba 106 kilo 950, lamba 112 kuwa kilo 1,120, duka idan iska ta cika yadda aka ƙayyade. Lambobi huɗu na ƙarshen jerin da ke gefen tayar su ne mako da shekarar da aka yi ta. Tsohuwar taya 'yar Kwatano, da lodi fiye da ƙima, da zafin kwaltar watan Maris a kan hanyar Gwagwalada zuwa Lokoja, idan su ka haɗu, ba a rasa jin fashewa. Hakanan boris ɗin gatari da kuloci da giya, kowannensu yana biyan bashin ƙarin kaya a hankali, har ranar da zai tsaya.

Akwai kuma dabarun da bai kamata a yarda da su ba ko da kyauta ne. Sifirin ƙarfe ne da aka dafa aka kuma sanyaya bisa ma'auni, saboda haka gasa shi da wutar gas don a mai da masa lanƙwasa yana kashe ƙarfinsa. Yi wa karyayyen falle walda, jinkirta karyewa ne zuwa wata rana a kan hanya. Yanko fallen babbar mota a cusa a jerin akori-kura yana sa ƙananan fallayen su karye a bakinsa. Cusa guntun itace tsakanin gatari da shasi kuwa, kashe sifirin ne gaba ɗaya, kowane rami ya riƙa dukan shasi kai tsaye. Araha ba ta ado, kuma a garin neman gira a kan rasa ido.

A Apo akwai makanikan da su ka ƙware ƙwarai, alamar gwani kuwa ita ce tambayoyinsa. Zai so ya san abin da motar ke ɗauka, da nauyinsa, da sau nawa a mako, da irin hanyar da ta ke bi, kafin ya taɓa sifana. Shi ma mai mota yana da nasa aikin. Ya loda motar yadda ya saba, ya kai ta sikelin awon motoci irin na wuraren fasa dutse, ya gwada abin da ya gani da abin da ke rubuce a ƙofarsa. Ya riƙa jera kaya masu nauyi kusa da ɗakin direba, a gaban gatari ko a bisansa, ba a bakin ƙofar baya ba. Idan awo ya nuna yana cikin iyaka, ya zaɓi ƙarin da ya dace da aikinsa. Idan ya nuna ya wuce, to bukatarsa sawu biyu ce ko kuwa babbar mota, kuma kuɗin man sawu na biyu bai kai kuɗin shasi ba, balle diyyar rai.

Lodi fiye da ƙima laifi ne a dokokin hanya na ƙasar nan, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da ikon kama mai yinsa. Amma jami'in da ke tsaye a bakin titi da ido ya ke awo, motar da aka cika wa falle kuwa tana wucewa a miƙe ko da tana ɗauke da ninki biyu. Saboda haka nauyin ya koma kan ƙungiyoyin makanikai da na masu sayar da kayan gyara na Apo da Gudu da Zuba, su riƙa gaya wa masu mota gaskiya, da kuma kan masu motar kansu, waɗanda iyalansu ke jiran dawowarsu da maraice. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.